Aikin Gayya da Rigingimunsa: Labarin Linux da 'Yan'uwanta

Rusaifa wata unguwa ce a birnin Makka, yamma da Masallacin Harami. A nan aka gina tashar jirgin ƙasa mai sauri da ke zuwa Jidda da Madina, wanda ya fara aiki cikin 2018. Tana kuwa cikin unguwannin da Hausawa su ke zaune, waɗansu jikokin alhazan da suka zo a ƙasa ta Cadi da Sudan, waɗansu kuma zuwan jirgin sama. Bahaushen Rusaifa ya kan yi harka da harshe biyu a yini ɗaya. Ya rubuta wa abokin cinikinsa saƙo da Larabci, rubutu yana tafiya daga dama zuwa hagu, sa'an nan ya rubuta wa ɗan'uwansa na Kano da Hausar boko, daga hagu zuwa dama, duk a waya ɗaya. In wayar nan irin ta Android ce, to, can ƙarƙashin hotunan da ya ke taɓawa akwai wata manhaja mai suna Linux, wadda dubban mutane daga ƙasashe dabam dabam suka taru suka rubuta, ba kuwa wanda ya mallake ta shi kaɗai. Mutanen nan sun fi shekara talatin suna aiki tare, kuma duk tsawon shekarun nan suna faɗa da juna. Abin da za a bayyana a nan shi ne dalilin faɗan, da yadda aikin ya ke ci gaba duk da haka, da irin hasarar da a ke yi a ciki.

Uwar manhaja

Kwamfuta ƙarfe ce kawai, ba ta iya kome sai an rubuta mata umurni. Umurnin nan shi a ke kira manhaja. A cikin manhajoji akwai babba guda wadda ta ke farkawa da zarar an kunna na'ura, ita ce ke raba wa sauran wurin ajiya da lokacin aiki, ita ce kuma ke magana da allo da lasifika da batir. Ana iya kiranta uwar manhaja. Windows irinta ce, kuma dukiyar kamfanin Microsoft ce. Asalin rubutunta, watau umurnin kamar yadda mutum ya rubuta shi kafin a juya shi zuwa lambobin da na'ura ke ganewa, yana kulle a hannun kamfanin. Mai saye yana amfani da ita, amma ba shi da izinin ya buɗe ya gyara.

Cikin Satumba 1983 wani mutumin Amurka mai suna Richard Stallman, ma'aikaci a jami'ar MIT, ya yi shela cewa zai rubuta uwar manhaja wadda kowa ke da izinin ya karanta, ya gyara, ya ba wani. Ya sa mata suna GNU. Cikin 1989 ya fito da wata takardar lasin mai suna GPL. Babban sharaɗinta shi ne, duk wanda ya gyara manhajar ya rarraba wa mutane, tilas ya ba su asalin rubutun tare da izinin da shi ma ya samu. Zuwa 1991 an gama yawancin sassan GNU, saura sashen tsakiya wanda ke magana da ƙarfen na'ura, watau ƙwaya. Cikin Agusta na shekaran nan wani ɗalibi ɗan shekara 21 a jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya ba da labari cewa yana rubuta wata ƙwaya don nishaɗi. Ita ce ta zama Linux. Cikin 1992 ya sa ta ƙarƙashin GPL, aka haɗa ta da kayan GNU, aka sami uwar manhaja cikakkiya. Abin ya yi ta bunƙasa, har cikin Nuwamba 2017 da aka lissafa kwamfutoci 500 mafiya ƙarfi a duniya, aka tarar dukansu da Linux su ke aiki.

Gayya da gandu

Wanda ya san ƙauyen ƙasar Hausa ba zai sha wuyar gane wannan aiki ba, domin ya yi kama da gayya. Mutum ya kira jama'a, kowa ya zo da fartanyarsa, a yi aikin da mutum ɗaya ba zai iya ba. Mai son ba da gudummawa ya kan rubuta gyara, ya aika wa wanda ke kula da sashen da gyaran ya shafa. Mai kula ya duba, ya karɓa ko ya mayar. Mafi yawan wannan magana ta wasiƙu a ke yinta, wasiƙun kuwa a fili su ke, kowa na iya karantawa, ana kuma ajiye su shekara da shekaru. Ma'aikatan kamfani ma su kan yi faɗa, amma nasu a cikin ofis ya ke ƙarewa. Na 'yan gayyan nan a tsakiyar kasuwa a ke yinsa, shi ya sa a ke ganin kamar sun fi kowa rigima.

Akwai kuma wani abu da ya fi wannan muhimmanci, gandu ne zai taimaka a gane shi. A gandu, uba da 'ya'yansa suna noma gona ɗaya, suna ci daga rumbu ɗaya. In uba ya rasu, 'yan'uwa suka kasa jituwa, sai a raba gonar, kowa ya tashi da yanki, ba mai samun duka. Saboda tsoron wannan ƙane ya kan haɗiye fushi ya zauna ƙarƙashin wansa. Manhaja kuwa ana kwafenta kamar yadda a ke ɗiban wuta a gidan maƙwabci, ba abin da ya ragu a murhun mai gida. Saboda haka wanda ya ɓata da shugabannin aiki yana da ikon ya kwafe dukan rubutun, ya sake masa suna, ya kira tasa gayya. Wannan shi a ke kira ɓallewa, lasin kuwa ya halatta ta. Gona tana nan cikakkiya a hannun kowane ɓangare. Abin da ya rabu shi ne hannuwan da ke nomanta. Duk rigingimun da za a ambata a ƙasa, a kan waɗannan hannuwa a ke yinsu: wa za su bi, kuma a bisa wane sharaɗi.

Rigimar aƙida

Rigima mafi daɗewa ita ce ta dalilin yin aikin. Stallman da mutanensa sun ce maganar 'yanci ce: hana mutum ganin rubutun da ke sarrafa na'urarsa zalunci ne, ko da manhajar ta fi kowace kyau. Cikin 1998 waɗansu, cikinsu har da Eric Raymond da Bruce Perens, suka ga wannan magana tana firgita kamfanoni. Suka kafa tasu ƙungiya, suka daina cewa 'yantacciyar manhaja, suka koma cewa buɗaɗɗen rubutu. Hujjarsu ita ce, idanu da yawa sun fi saurin ganin kuskure, saboda haka aikin fili ya fi inganci. Kusan manhajoji ɗaya ɓangarorin biyu su ke rubutawa, amma sun kasa yarda da juna a kan dalili. Har sunan abin ma ya zama abin gardama. Stallman ya nace a riƙa cewa GNU/Linux, don kada a manta da waɗanda suka fara share filin, yawancin mutane kuwa Linux kawai su ke cewa.

Wannan gardama ta haifar da aiki biyu a inda ɗaya zai isa. Cikin 1996 wani ɗalibi Bajamushe, Matthias Ettrich, ya fara KDE, watau fuskar tagogi da hotuna da mai amfani da kwamfuta ke gani. Amma ya gina ta a kan kayan wani kamfani na ƙasar Norwe waɗanda lasinsu bai cika sharuɗɗan 'yanci ba. Cikin 1997 sai waɗansu samari biyu 'yan Meziko, Miguel de Icaza da Federico Mena, suka fara GNOME don ta maye gurbinta. Cikin 2000 kamfanin ya sa kayansa ƙarƙashin GPL, dalilin faɗa ya kau, amma kafin nan kowane ɓangare ya riga ya tara mutanensa. KDE da GNOME suna nan duka biyu.

A ƙasashen Larabawa ma an taɓa irin wannan. Cikin 2008 aka fito da wani haɗin Linux na Larabci mai suna Ojuba, masu shi kuma suka rubuta nasu lasin, suka kira shi Waƙafi. Sun ba da aikinsu ga jama'a kamar yadda mutum ke haƙa rijiya ya bar wa masu wucewa, amma suka sa sharaɗi cewa kada a yi amfani da shi wajen cutar da mutane ko saɓa wa ƙa'idodin Musulunci. Ƙungiyar Debian, wadda za a yi maganarta nan gaba, tana da ƙa'ida cewa lasin 'yanci ba ya ƙayyade wa mutum irin amfanin da zai yi. Saboda haka manhajojin da ke ɗauke da lasin Waƙafi aka ajiye su a sashen waɗanda ba su cika sharaɗi ba. Kowane ɓangare da kyakkyawar niyya ya ke, amma ma'anar kyauta a wurinsu ba ɗaya ba ce.

Rigimar shugabanci

Linux tana da 'yan'uwa waɗanda a ke kira BSD, domin asalinsu daga jami'ar Kalifoniya ta garin Berkeley ne. Cikin 1993 biyu suka fito daga tushe ɗaya, NetBSD da FreeBSD. Ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa NetBSD shi ne Theo de Raadt, haifaffen Afirka ta Kudu, mazaunin Kanada. Cikin Disamba 1994 abokan aikinsa suka nemi ya sauka daga majalisar shugabanni, suka ce bakinsa ya yi kaifi ga mutane. Ya yi watanni yana neman a mayar masa da izinin sa hannu a rubutun, bai samu ba. Cikin Oktoba 1995 ya kwafe aikin duka, ya kafa OpenBSD, ya mai da hankali ga tsaro daga masu kutse.

Debian kuwa ta ɗauki wata hanya dabam. Ian Murdock ne ya kafa ta cikin Agusta 1993. Aikinta shi ne ta tattara ƙwayar Linux da dubban manhajoji ta shirya su wuri ɗaya, yadda mutum zai sa a kwamfutarsa ba wahala. Ubuntu, wadda Mark Shuttleworth na Afirka ta Kudu ya fara cikin 2004, a kan Debian aka gina ta. Debian tana da tsarin mulki a rubuce, tana zaɓen shugaba kowace shekara, tana kuma da kwamitin da ke yanke hukunci in masu aiki sun saɓa. Duk da haka a cikinta aka yi ɗaya daga cikin rigingimu mafiya zafi.

Ga yadda abin ya faru. In an kunna kwamfuta, bayan ƙwaya akwai wata manhaja da ke fara tashi, ita ke tayar da sauran bi da bi, kamar mai gida da ke tashin iyalinsa da asuba. Cikin 2010 Lennart Poettering, ma'aikacin kamfanin Red Hat, da Kay Sievers suka fito da wata sabuwa mai suna systemd. Masu sonta suka ce ta fi sauri, ta kuma sauƙaƙa wa masu kula da manyan kwamfutoci aiki. Masu ƙinta suka ce ta cika haɗama, tana ta haɗiye ayyukan da a da ƙananan manhajoji dabam dabam ke yi, in kowa ya dogara gare ta kuwa, ikon abin zai koma hannun mutane kaɗan. Cikin Fabrairu 2014 kwamitin Debian, mutum takwas, ya jefa ƙuri'a tsakanin systemd da wata mai suna Upstart ta kamfanin da ke yin Ubuntu. Huɗu suka zaɓi wannan, huɗu suka zaɓi waccan. Shugaban kwamiti, Bdale Garbee, ya raba gardama da ƙuri'arsa, systemd ta ci.

Shuttleworth, wanda manhajar kamfaninsa ce aka kayar, ya karɓi hukuncin nan da nan, ya ce Ubuntu ma za ta bi. Waɗansu kuwa ba su haƙura ba. Aka kai maganar gaban dukan 'yan ƙungiya, aka yi watanni ana musayar baƙaƙen maganganu. Cikin Oktoba Poettering ya ba da labarin irin zagi da barazanar da a ke yi masa. Cikin Nuwamba mutum uku suka sauka daga kwamitin, Joey Hess kuma, wanda ya yi shekara 18 yana yi wa Debian aiki, ya bar ta ɗungum. A ƙarshen watan waɗansu suka ɓalle suka kafa Devuan, watau Debian ba tare da systemd ba. Sai da suka kai Mayu 2017 kafin su fito da tabbataccen bugu na farko. Rubutun duka sun samu a rana ɗaya, amma hannuwan da za su gyara shi sun yi musu kaɗan.

Rigimar harshe

Ƙwayar Linux ba ta da zaɓe. Torvalds ne mai magana ta ƙarshe, a ƙarƙashinsa akwai masu kula da sassa, kamar sarki da hakimansa. An yarda da shi domin ya san aikin, kuma yana da wata ƙa'ida da ba ya sassautawa: kada sabon gyara ya lalata wa masu amfani abin da ke yi musu aiki jiya. Amma ya daɗe yana tsawata wa masu kuskure da zagi a bainar jama'a, waɗansu na ƙasa da shi kuma suka ɗauki halin. Hausawa sun ce gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, amma in an haɗa gyaran da cin mutunci, da yawa su kan sauke su tafi. Con Kolivas, wani likita a ƙasar Ostareliya wanda ke aikin ƙwaya a lokacin hutunsa, ya yi shekaru yana gyaran yadda a ke raba wa manhajoji lokaci. Cikin 2007 aka karɓi aikin wani mai kama da nasa aka bar nasa, shi kuwa ya ajiye aikin, ya ce ba a damu da masu ƙananan kwamfutoci na gida ba.

Cikin Satumba 2018 Torvalds ya rubuta wasiƙa a fili, ya nemi gafarar waɗanda ya ɓata wa rai, ya ce zai huta ya nemi taimako wajen gyara halinsa. Ya bar aikin a hannun Greg Kroah-Hartman wajen wata guda, aka kuma kafa dokar ladabi ga duk masu aiki. Wannan ma ya tayar da ƙura, domin waɗansu sun ga dokar a matsayin hanyar toshe bakin masu faɗin gaskiya.

Bayan wannan sai rigimar tsofaffi da sababbi. Da wani harshen kwamfuta mai suna C aka rubuta ƙwayar, harshen kuwa ya haura shekara hamsin. Akwai wani sabo mai suna Rust wanda ke hana waɗansu kurakurai da masu kutse su ka fi bi su shiga. Cikin Disamba 2022 aka buɗe masa ƙofa a Linux. Tsofaffin masu kula suka ce, wa zai ɗauki nauyin rubutun da ba su iya karantawa sosai ba in masu kawo shi sun gaji sun tafi? Sababbi kuma suka ce ana jan ƙafa da gangan. Cikin Agusta 2024 Wedson Almeida Filho, ɗaya daga cikin jagororin aikin Rust, ya sauka, ya ce ya gaji da gardamar da ba ta shafi aiki ba. Cikin Fabrairu 2025 Hector Martin, shugaban masu sa Linux a sababbin kwamfutocin Apple, shi ma ya sauka bayan wata irin wannan gardama.

Kuɗi da gwamnati

Ko da ya ke da 'yan sa kai aka fara, mafi yawan gyaran da ke shiga ƙwayar Linux daga ma'aikatan kamfanoni ya ke fitowa, ana biyansu albashi a kai. Inda kuɗi ya shiga kuwa, rigima ta kan sake kama. Red Hat yana sayar da nasa haɗin Linux ga bankuna da ma'aikatu, a da kuma waɗansu su kan kwafe shi su bayar kyauta da sunan CentOS. Cikin 2014 kamfanin ya jawo CentOS jikinsa, cikin 2019 IBM ya sayi Red Hat a kan dala biliyan 34. Cikin Disamba 2020 sai aka ba da sanarwa cewa CentOS 8, wadda aka yi alkawarin kula da ita har 2029, za a daina a ƙarshen 2021. Jami'o'i da ƙananan kamfanoni da suka dogara gare ta suka ji an yi musu sakiyar da ba ruwa. Kafin shekara ta zagayo an kafa biyu a madadinta, Rocky da AlmaLinux.

Akwai misalin da ya taɓa Nijeriya. Cikin 2007 wani kamfanin Faransa mai suna Mandriva ya sami kwangilar sa haɗinsa na Linux a ƙananan kwamfutoci 17,000 na makarantun Nijeriya. Cikin 2010 kamfanin ya shiga matsin kuɗi, aka sallami ma'aikata da yawa. Waɗanda aka sallama suka haɗu da 'yan sa kai suka kwafe aikin, suka kira shi Mageia. Kamfanin ya rufe cikin 2015, aikin kuwa ya rayu bayansa. Da manhajar kulle ce, da ta mutu tare da mai ita.

Gwamnatoci ma sun shigo. Cikin Oktoba 2024 aka cire sunayen mutum goma sha wani abu masu alaƙa da Rasha daga jerin masu kula da sassan ƙwaya, saboda takunkumin da Amurka ta sa wa waɗansu kamfanonin ƙasar, Torvalds kuma ya goyi bayan cirewar. Mutanen da ke zaton gayyan nan ba ruwanta da iyakar ƙasa suka ga ashe ita ma a ƙarƙashin dokar wata ƙasa ta ke zaune.

Riba da hasara

Ba duk faɗa ne ya zama hasara ba. Mutanen OpenBSD, waɗanda rigima ta haifa, su ne suka fito da OpenSSH cikin 1999, watau kubar da a ke buɗe kwamfuta da ita daga nesa ba tare da ɓarawo ya ji kalmar sirri ba. Linux ta ɗauke ta, Apple ya ɗauka, har Windows ma. Haka kuma cikin 2002 Torvalds ya fara ajiye rubutun ƙwaya da wata manhaja ta kulle mai suna BitKeeper, masu aƙidar 'yanci suka yi ta suka. Cikin Afrilu 2005 mai ita ya janye izinin amfani da ita kyauta bayan wani saɓani, Torvalds kuwa ya zauna cikin 'yan makonni ya rubuta Git, wadda ta zama abin da yawancin marubuta manhaja na duniya ke aiki da shi. Wani lokaci ma waɗanda suka rabu su kan koma. Cikin 1997 waɗansu suka ɓalle daga GCC, manhajar GNU da ke juya rubutu zuwa lambobin na'ura, domin sun ga ana nawa wajen karɓar gyara. Nasu ya fi kyau, cikin 1999 aka miƙa musu ragamar aikin duka. Ikon ɓallewa shi ne linzamin shugaba a wannan gayya: ya san in ya matsa wa mutane, za su tafi da gonar gaba ɗaya su bar shi da suna.

Hasara kuwa a kan mutane ta ke faɗawa, ta fi kuma tsanani a inda hannu ya yi kaɗan. Akwai wata ƙaramar manhaja mai suna xz, aikinta matse bayanai don su rage cin wuri, tana cikin kusan kowane haɗin Linux. Mutum ɗaya ne ya yi shekaru yana kula da ita, ba albashi. Cikin 2021 wani da ke kiran kansa Jia Tan ya fara aiko da gyare-gyare masu amfani. Cikin 2022 waɗansu sunaye da ba a san su ba suka dinga rubuto wa mai kula wasiƙun gori, suna cewa ya kasa, ya ba wani. Mutumin ya amsa cewa ba shi da cikakkiyar lafiya, daga baya kuma ya ba Jia Tan izinin sa hannu. A farkon 2024 Jia Tan ya dasa ɓarauniyar hanya a cikin xz, wadda za ta ba mai ita damar shiga kwamfutocin mutane ta ƙofar OpenSSH. A ƙarshen Maris wani injiniya Bajamushe, Andres Freund, ya lura shiga kwamfutarsa ta gwaji yana ƙara jinkirin wajen rabin daƙiƙa. Ya bi sawu har ya tono abin, tun yana cikin bugun gwaji na Debian da Fedora, bai kai ga yawancin jama'a ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wasiƙun gorin nan ba su ba kowa mamaki ba sa'ad da aka aiko su, domin an riga an saba ganin ana yi wa masu kula irin wannan magana.

Ƙananan harsuna ma a wannan gefe su ke. Rubutun Larabci bai zauna daidai a Linux da kansa ba, sai da mutane suka yi masa aiki, cikinsu har da 'yan sa kai na ƙungiyar Arabeyes da aka kafa cikin 2001. Haka kuma akwai tsarin allon rubutu na Hausa a cikin Linux, mai ɗauke da ƙ da ɗ da ɓ, domin wani ya zauna ya shirya shi. Irin wannan aiki mutane ƙalilan ke yinsa. Duk sa'ad da aiki ɗaya ya rabu biyu, fassarar da za a yi sau ɗaya sai an yi ta sau biyu, harshen da ke da masu fassara biyu ko uku kuwa shi ne a kan fara bari a baya.

Saboda haka mai karanta labarin waɗannan rigingimu ya kamata ya bambanta iri biyu. Akwai saɓani a kan aiki, wanda a kan yi da hujja, a yanke hukunci, wanda bai yarda ba ya kwafi nasa ya je ya gwada. Irin wannan shi ya haifi Git da OpenSSH, tsakanin harshe da haƙori ma a kan saɓa. Akwai kuma wulaƙanci da gori, waɗanda ba su ƙara ko layi ɗaya a rubutu, sai dai su kori mai yinsa. Lasin GPL ya tabbatar ba mai iya kulle rubutun ko ya gudu da shi. Amma ba lasin da ke iya tilasta wa ɗan sa kai ya dawo gobe in an ci mutuncinsa yau, kuma wayoyi da bankuna da asibitocin da ke aiki da Linux, a kan dawowar irin waɗannan mutane su ke dogara.